Ajiyar Cikin Rigar Maigida

Ni ba na yanke tufa muddin zan iya ninke ta. Haka na koya a wurin mahaifiyata, haka kuma na yi ta yi a kan kekena a Aliero. Idan aka kawo wandon gwanjo ya yi wa mai shi yawa, sai in farke gefensa da reza, in ninke rarar ta ciki, in bi da ɗinki. Wannan rarar ita muke kira ajiya. Jikin manomi ba ya zama wuri ɗaya. Da damina, rumbu ya yi ƙasa ga aikin gona, sai mutum ya zube. Bayan kaka ya murmure, ya aiko matarsa wai wando ya matse shi, kamar ni na ce ya ci tuwo malmala uku. Sai in farke in saki ajiyar. Telolin kasuwa datsewa suke yi da almakashi su huta, ni kuwa ɓarna nake ganin hakan.

Shekarun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, aiki ya yi mini yawa har na tsani ƙarar keken. Ma'aikata da malaman makaranta suka cika gari, kowa yana son shiga ofis da kwat, kowa kuma a kasuwar Jega yake tsinto ta cikin dilar gwanjo. Kayan Turawa ne, mutanen da ban san me suke ci ba, hannun riga sai ya kusa kai wa mutum gwiwa. Matan ma'aikatan ke kawo mini har cikin gida, kowace tana so jiya-jiya. Ƙafata ta kumbura da taka keke, idona ya fara ganin kafar allura biyu. Ban ƙi aikin ba, amma kada wani ya ce daɗi ne da shi.

Maigidana manomin albasa ne, ƙato, mai faɗin kafaɗa. Da rani tun asuba suke ban ruwa a fadama, sanyi yana ratsa ƙashi. Wata ranar kasuwa ya dawo daga Jega da wata rigar sanyi koriya mai kauri, da zif a gaba da hula a ƙeya, an cusa mata wani abu mai kama da auduga tsakanin baya da shafi. Ita ce tufar gwanjo ta farko da ta yi masa cif ba tare da na taɓa ta ba. Ya tsaya a tsakar gida yana jujjuyawa.

"Diba," ya ce da ni, "wagga dai ba ta biɗar kekenki."

Na ce Allah Ya sa, ko ni na huta.

Shekara biyu ya yi yana sa ta. A ta uku ciwo ya kama shi. Da tari ya fara, daga baya abinci ya ƙi zama. Mun je asibiti a Birnin Kebbi, mun dawo da ƙwayoyi, an yi jiƙe-jiƙe, an sha rubutu. Ya daina zuwa fadama, ƙannensa suka karɓi albasar. Sanyi kuwa bai sake shi ba ko da bazara ta shigo, mutane suna neman inuwa shi yana rawar ɗari. Bargo ya ce yana danne masa ƙirji. Rigar nan kaɗai yake yarda da ita, da ita yake yini, da ita yake kwana.

Ran da ya ce iska tana shigar masa ta ƙasanta, na karɓa na rage yatsa biyu kowane gefe, na ninke ciki kamar yadda na saba. Allura biyu na karya, don rigar ba ta keken gida ba ce. Bayan 'yan makonni na sake rage yatsa huɗu. Sai kafaɗa ta fara zamewa, ita ma na tattare. Ko sau ɗaya ban ɗauki almakashi ba. Ina ɗinki ina ce wa kaina idan ya tashi zai nemi rigarsa yadda take, in farke in ba shi.

Ninkin atamfa ba ya damun kowa. Ninkin riga mai auduga, sau uku a kan juna, ƙulli ne. Ya zama kamar igiyar guga tun daga hammata har ƙugu, hagu da dama, ga mutum ba tsoka, ga tabarma. Ina ganinsa yana juyi, ya kwanta nan ya koma can. Idan na zo goge masa jiki sai in ga shati jawur a haƙarƙarinsa. Na gani sarai. Sai in shafa masa man kaɗanya in mayar masa da rigar. Na gaji a lokacin, gajiyar da ko kuka ba ka iya yi, safe keke, rana wanki da kunu, yamma keke. Amma ba gajiya ce ta hana ni gyara rigar ba, tsoro ne. Wata biyu muka yi a haka.

Yayarsa ta zo dubiya daga Liba, can wajen Maiyama. Tsohuwa ce mai ido, ba ta shiga ɗaki ta fito ba ta ga abin da aka ɓoye ba. Ta taimaka masa ya jingina, hannunta ya faɗa kan ƙullin. Ta fito ta same ni a gindin keke.

"Ke, mi kinka cusa ma rigag ga? Duwatsu?"

"Ajiya ta, Yaya. In ya samu sauƙi sai in saki."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Allah shi ba shi lahiya. Amma haƙarƙarinai duk ya yi ja."

Raina ya ɓaci, don gaskiya ta faɗa. Na ce, "Ni ka ɗumki gidan ga, Yaya, ba wani ba."

Ta sha ruwa, ta yi masa sallama, ta tafi neman motar Maiyama. Har yau ina jin kunyar maganar nan.

Ashe ya ji mu. Washegari da hantsi ya kira ni, muryar can ƙasa.

"Zo ki zamna. Ɗauko almakashinki."

Na ce, "Malam, ba ni yankewa."

"Na sani. Ni nac ce ki yanke." Ya huta, ya ja numfashi. "Barci nika so. Na daɗe ban yi na kirki ba. In Allah Ya tashe ni, gwanjo bai ƙare Jega ba."

Ya faɗi haka ne don ni, na sani, shi ma ya san na sani. Na zare masa rigar, na lulluɓa masa zannuwana biyu, na fita da ita tsakar gida. Na bi ɗinkin da reza ɗaya bayan ɗaya, na uku, na biyu, na farko. Da na gama sai rigar ta baje a kan tabarma da faɗinta na da, na mutumin da ke ɗaukar buhun albasa shi kaɗai. Na daɗe a tsugune a gabanta, har kaji suka fara hawa kanta.

Sannan na sa almakashi. Ya fi tafin hannuna abin da na cire kowane gefe. Audugar ta yi ta fita tana bin iska, tana manne mini a zane. Na haɗa bakin, na kwantar da ɗinkin yadda ko ɗan yatsa ba zai ji tudu ba. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kuma ban taɓa ƙin aiki kamarsa ba.

Bayan ya yi azahar a zaune na sa masa, na ja zif ɗin har wuya. Ya shafa gefensa, ya ce, "Yauwa, ta yi." Ya kwanta ta dama, bai ko motsa ba. Barci ya ɗauke shi har rana ta yi sanyi, sai da na tashe shi don la'asar kada ta wuce.

Kwana tara ya sa ta a haka, sannan Allah Ya karɓi abinSa. A wurin zaman makoki mata suna ta cewa na yi jinya, Allah Ya saka mini. Ina amsawa da amin. Ni kuwa abin da ke raina wata biyun nan ne da na bar shi yana juyi a kan ƙullin da na ɗinka da hannuna, don ban shirya ba, shi kuma ya yi shiru yana jira in shirya.