Ranar da Inna Ta Faɗi Sunansa

Har yau in na ga mutum da biro uku a aljihun riga, raina kan ɓaci tun bai buɗe baki ba. Wanda ya jawo musu wannan wani ma'aikacin ɗakin ajiye gawa ne a wani asibiti a birnin Sakkwato, wanda na yi wuni biyu a gaban teburinsa saboda gawar wana.

Wana masunci ne. Uwarmu ɗaya, uba kowa da nasa, kuma shi ne ɗan farin Inna. Ya shiga ruwa da goransa na su a ƙasan madatsar Goronyo ranar da aka saki ruwa, gora ya fito, shi bai fito ba. Muka bi gaɓar Rima muna nema har kwana biyar, ashe tun rana ta uku wasu manoman shinkafa sun tsamo shi wajen Wurno. Da a da ne, da sun yi masa wanka, sun sallace shi, sun rufe shi nan bakin gulbi, kowa ya samu ladarsa. Amma a shekarun nan na 'yan bindiga ba mai taɓa gawar da bai sani ba. Suka kira 'yan sanda, 'yan sanda suka kai shi birni, aka sa shi a firji kamar kifin ƙanƙara, abin da shi kansa bai taɓa yarda ya ci ba.

Na isa asibitin, na gane shi tun daga yatsan ƙafarsa da ƙugiya ta taɓa tsagawa. Na ɗauka shi ke nan. Sai mai biro uku ya karɓi katina, ya juya shi gaba da baya, ya ce sunan ubana daban da wanda na faɗa na mamacin, shi kuwa mamacin ba shi da kati. Sai in kawo uwa, ko mata, ko ɗa babba. Matar wana ta riga shi rasuwa, 'ya'yansa kuma ko makaranta ba su gama shiga ba. Sannan ya gyara zama ya karanta mini doka: gawar da ba ta da mai ita, in wa'adi ya cika, ana iya miƙa ta ga ɗaliban likitanci su yanka su koyi aiki. Ya faɗe ta a hankali, yana jin daɗin kowace kalma.

Ni ba ni da faɗa da dokar. Likita sai ya koya kafin ya yi wa mai rai aiki, wanda kuma ya ba da jikinsa da bakinsa tun yana raye, tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma wana yana da mai shi. Abin da na raina shi ne ƙaramin mutum da ya samu babbar doka a hannu, yana kaɗa ta a fuskar masu makoki don a san yana wurin.

Kashegari na zo da Inna, ina sane da abin da za a tambaye ta. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kuma cewa ɗanta ne a gaban mutane. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. Fiye da shekara arba'in Inna tana kiransa "wancan". In ya kawo mata kifi, sai ta kau da kai ta ce a gaya wa mai kifi ya ajiye can, alhali tun da hantsi take leƙen ƙofa.

Aka buɗe mata fuskarsa, ta duba sau ɗaya, muka dawo gaban tebur.

"Hajiya, kin san wanga mutum?" in ji ma'aikacin.

"Na san shi."

"Mi ad dangantakarki da shi?"

Inna ta dubi ƙasa. "Ɗan gidanmu na."

"Ɗan gidanku ba dangantaka ta ba. Ɗanki na, ko ba ɗanki na ba? Mi as sunanai?"

Na sa baki, na ce, "Malam, ɗan hwari na. Kai ma ka san yadda abin yake."

"Nan ba ƙauye na ba," ya ce. "Takarda ba ta san kunya ba."

Ga harshensa kuwa, wallahi bai wuce ɗan Gandi ko Rabah ba. Na tabbata a gidansu akwai tsohuwar da ba ta faɗin sunan wani. Ya sani sarai, abin da ya sa na fi raina shi ke nan. Da baƙo ne da na yi masa uzuri. Ya rufe fayil, ya maida biro aljihu, ya ce in ba mai shaida, shi zai rubuta cewa ba a samu dangi ba.

Inna ta ja gyalenta ta rufe baki. Daga cikin gyalen na ji ta ce, "Ɗana na." Sai ta faɗi sunan. Ban taɓa jinsa da muryarta ba, har sai da na ji kamar na wani ne.

"Ɗaga murya, Hajiya, ban ji ba."

Ya ji. Ina tsaye kusa da shi, na san ya ji. Ta sake faɗa da ƙarfi, har masu jira a benci suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya zaro biro, ya rubuta, ya shafa wa babban yatsanta tawada ya danna a takarda, ko Allah ya jiƙansa bai ce ba.

Muka ɗauko shi a bayan a-kori-kura, muka rufe shi a Goronyo kafin la'asar, jikinsa cikakke. A hanya Inna tana ta goge tawadar da bakin zane, tawadar ta ƙi fita. Sai da muka wuce Wurno ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Da na san ina hwaɗinai wata rana," ta ce, "da na hwaɗe shi yana ji."