Me Ka Gani, Baba?

Baba Sha'aban kafinta ne, mutumin Gumel, kuma duk Bahaushen da ya taɓa zama a unguwar Jaradiya a Riyad ya san shi. Ni sunana Basiru, direban motar kayan gini ne. Mun daɗe muna ɗaki ɗaya da shi, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Ya shigo ƙasar nan kansa baƙi wuluk, yanzu ko a gemu ba ka samun baƙin gashi. Aikinsa kafa katakon da ake zuba kankare a ciki. In na ɗauke shi muka bi ta unguwar Murabba, sai ya dinga nuna benaye da haɓa: wancan da ni aka yi, wancan ma. Ko ɗaya bai taɓa shiga ba bayan an shafa fenti. Larabawa suna ce masa mu'allim, mu muna ce masa Baba, shi kuwa ya ɗauki sunayen biyu da gaske. Ba a taɓa kawo magana gabansa ya ce bai sani ba. Iƙamarka, wato takardar zama, ta kusa ƙarewa, kafilinka da ya tsaya maka a ƙasar ya riƙe fasfo, haƙori ya hana ka barci, matarka ta yi yaji a gida, duk Baba yana da amsa. Abin haushin ma, sau da yawa amsar takan yi daidai.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Hanifa. Da yake 'yar fari ce, kunya ba ta barinsa ya kama sunanta. "Yarinyar nan" yake cewa, ko da ita yake magana. Tana goye ya baro gida. Hutu sai bayan shekara biyu, wani lokacin uku, in kafili ya ga dama. Da kaset ya fara renonta, yana naɗar murya yana bai wa masu komawa, daga baya waya ta zo. Da uwarta ta rasu tana sakandare, wayar nan ta zame mata uwa da uba. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci takan kira, kuma kowace magana da tambaya ɗaya take ƙarewa: "Baba, me ka gani?" Makarantar da za ta shiga, atamfar da za a fitar ta anko, har mijin da za ta aura. In ta yi tambayar nan, sai ka ga tsoho ya gyara zama yana shafa gemu kamar alƙali. Wannan ne kaɗai uban da zaman ƙasar mutane ya bar shi ya zama, kuma ya riƙe shi da hannu bibbiyu.

Mijin nata Zayyanu mai gyaran injin sanyi ne. Ya samu aiki a wani kamfanin daskarar da kifi a Salala, ƙasar Oman, suka kama gida kusa da bakin teku. Baba kuwa bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi in za a sauka Jidda.

Iska ce ya sani. Yana saurayi a Gumel, iskar farkon damina ta taso da la'asar, ƙanensa ya firgita ya fita da gudu zai tafi gidan kakarsu. Kwanon rufin wani gida ya taso ya same shi a wuya. Waɗanda suka zauna a ɗaki ko ƙwarzane ba su yi ba. Baba ya sha ba mu labarin nan, kuma kullum da magana ɗaya yake rufewa: in iska ta taso, ba a fita.

A azumin shekarar 2018 Zayyanu ya tafi Umra, ya bar Hanifa da 'yarsu Hajar mai shekara uku, da cikin wata biyar. Yana Makka aka fara sanarwar wata guguwa ta taso daga tsakiyar teku ta nufo Salala. Kafin ya yi wani yunƙuri an rufe filin jirgi. Mu muna ganin abin a talabijin ɗin kantin unguwa: wani farin abu yana juyawa a kan taswira, yana matsowa gaɓa a hankali.

Ranar Juma'a ta kira kamar yadda ta saba. Baba ba ya ji sosai, a lasifika yake sa waya, don haka na ji komai.

Ta ce gari ya hargitse. Masunta sun janye jiragensu can tudu sun ɗaure. Ruwan sha da burodi da batir sun ƙare a kantuna. Kowa yana jera buhunan yashi a ƙofa, ana liƙe tagogi, ana ɗora katifu da akwatuna a saman motoci. 'Yan sanda suna zagayawa da lasifika suna cewa duk wanda yake kusa da teku ya tashi ya koma makarantun da aka buɗe a cikin gari, don ruwa zai hau. Maƙwabciyarta Ummu Salim ta kwashe 'ya'yanta, ta ce akwai wurin mutum biyu a motarsu.

"Zayyanu ya ce in bi duk abin da ka ce," in ji ta. "Baba, me ka gani?"

Ya gyara zama. "Rufin gidan naku kwano ne ko kankare?"

"Kankare ne."

"Makarantar fa?"

"Ban sani ba. Sun ce babban zaure ne, kowa da kowa."

"Maza da mata?"

"Kowa da kowa, Baba."

Ya girgiza kai. Ya ce ta cika duk bokiti da tukunya da ruwa. Ta jingina katifa a kowace taga. Ta koma ɗakin da yake tsakiyar gida, ta zauna a ƙasa, nesa da gilashi. Ya bi da ita dalla-dalla, kuma wallahi in da iska ce kaɗai, babu injiniyan da zai ƙara masa kalma.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, ba iska kaɗai suke faɗa ba fa. Sun ce teku ne zai hau tudu."

Ya dube ni kallon da yake yi wa sabon lebura. "Teku ƙafa gare shi? Allah ya yi masa iyaka. Kai direba ne, ka tsaya a kan sitiyarinka." Ya koma kan waya. "Yarinyar nan, mace mai ciki, mijinta ba ya gari, ba ta fita cikin iska ta je ta kwana a tsakiyar mazan da ba ta sani ba. Khalas, magana ta ƙare."

Muna jin hon ɗin mota ta cikin wayar.

"Baba, Ummu Salim tana jira."

"Ki yi mata godiya."

"To, Baba."

Har yau in na tuna wannan "to" ɗin raina ɓaci yake yi. Yarinya tana tsaye a wurin, tana ganin tekun da idonta, tana jin ƙararsa, amma hukunci yana hannun wani tsoho da yake zaune a kan katifa a tsakiyar hamada, da wani miji da ya ga girmama suruki ya fi masa sauƙi a kan ya yanke da kansa.

Daga ranar layinta ya mutu. Washegari talabijin ya fara nuna tituna sun koma kogi, motoci suna yawo a kan ruwa. Baba ya tsaya a kantin yana kallo bakinsa a buɗe, sai ya ce, "Ai wannan ba unguwarsu ba ce." Bai taɓa ganin unguwar tasu ba. In an sha ruwa, dabino ɗaya yake ci ya ture kwano. Ranar Lahadi, da yake ranar aiki ce a nan, bai je aiki ba, abin da ban taɓa gani ba. Da azahar na shigo na same shi ya manna wayar a kunne, babu kowa a layin, yana cewa, "Hanifa. Hanifa." Ranar na fara jin sunan a bakinsa.

Zayyanu ne ya kira washegari, da hantsi. Ya ce suna raye. Rufin bai motsa ba, ko taga ɗaya ba ta fashe ba. Ruwa ne ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya haye buhunan yashi, ya kai mata ƙugu. Ta goya Hajar ta hau kan kantar kicin, ta tsaya a nan har gari ya waye sojoji suka fito da su. Hajar lafiyarta ƙalau. Cikin ne ya zube a asibiti. Namiji ne.

Ummu Salim da 'ya'yanta sun kwana a makaranta, an ba su barguna da abin sahur.

Babu wanda ya ɗora wa Baba laifi. 'Yan unguwa suka zo jaje, aka ce ƙaddara ce, aka shafa fatiha. Shi ma ya ce ƙaddara ce. Har yanzu samari suna kawo masa matsalar iƙama, yana ba su amsa, sai dai ya daina shafa gemu.

Hanifa ba ta yi fushi ba, in ma ta yi ba ta nuna ba. Bayan ta warware ta ci gaba da kira duk Juma'a, ba ta taɓa tsallakewa. Takan gaishe shi da ladabi, ta tambayi aiki da zafin gari da ciwon gwiwarsa, ta ba Hajar ta gaida kakanta. A bakin Zayyanu muka ji sun tashi sun koma hawa na uku, nesa da teku. A bakinsa muka ji ta sayi keken ɗinki, muka ji an sa Hajar a makaranta. Duk sai an gama Baba yake ji.

Wata Juma'a, shekara ta kusa zagayowa, na ga tun safe yana ta shiri a ransa. Zayyanu ya gaya masa an samu wani cikin, kuma suna tunanin ko ta koma Gumel ta haihu ko ta zauna. Baba ya kwana biyu yana auna maganar, har ni ya tambaya, wai me na gani. Da wayar ta shigo ya gyara zama. Aka gaisa, aka tambayi gwiwa, Hajar ta yi surutunta. Ya jira. Da ya ji za ta yi sallama, ya yi gyaran murya.

"Hanifa," ya ce. "Babu wani abin da kike son tambayata?"

"Babu komai, Baba," ta ce a hankali. "Allah ya ƙara lafiya."