Kanwar Wasila a Ɗakin Gwaji

Ɗalhatu Gidaɗo jikan marina ne, amma tun yana sakandare ya rantse hannunsa ba zai taɓa baban rini ba. Ya yi karatun gwaje-gwajen asibiti a Zariya, a 2016 ya samu aiki a wani ɗakin gwaji a unguwar Al Quoz, can ƙasar waje. Aikin kuwa? Rini. A yanko tsokar majiyyaci siririya kamar ɓawon albasa, a shimfiɗa a gilashi, shi kuma ya tsoma ta a ja da shuɗi don likita ta duba ko akwai ciwon daji. Da labari ya isa gida, kakansa ya ce, "Ashe dai marinar ce, sai dai tasu da sanyi."

Shugabarsa, Dakta Ilona, tsohuwa ce 'yar Hangari da ta shekara talatin a Amurka, ba ta ɓarnar magana. A shekararsa ta uku aka sauya matatar ruwan ginin, shuɗi ya daina kamawa, komai ya riƙa fitowa jaja-jaja. Ta dawo masa da gilasai uku.

"Ba na iya karanta wannan. Bizarka ƙarshen wata za ta ƙare. Ka gyara, ko khalas, aiki ya ƙare."

Ya sauya magani, ya ƙara mintoci, shiru. Ran Juma'a yana zaune matarsa Wasila ta jefa kanwa a miyar kuɓewa, sai ya tuna kakansa ba ya zargin baba sai ya ɗanɗana ruwa. Ya kai hannu gwangwanin kanwar.

"Malam, ina za ka kai min kanwa? Har kasuwar Sabkha fa na je kafin in samo ta!"

"Wurin aiki."

"Su ma kumburin ciki suke?"

Ya jiƙa ta, ya gwada a ragowar yankan da ba na kowa ba. Shuɗi ya fito tas. Dakta Ilona ta daɗe da ido a madubin ƙara girma, sannan ta ce, "Me ka zuba?" Ya ajiye dunƙulen a gabanta. Ta jujjuya shi, ta sansana, har ta lasa, ta yamutsa fuska.

Ta sa aka auna ruwan, laifi ya koma kan sabuwar matatar ruwa. Ta sa hannu a takardar sabunta bizarsa ta shekara biyu, ta kuma haramta kanwa a ɗakin, sai 'yar'uwarta ta kwalba mai lamba. Dunƙulen dai ba ta mayar ba. Da shi take danne takardu, Wasila kuwa har yau ba ta yafe ba.