Gayaunar Ƙanena

Har yau idan na ji ƙamshin tumun gero a kan wuta, sai wani tsohon haushi ya taso mini, kuma ba zan ɓoye maka ba, kishin ƙanena ne.

A ƙauyenmu na yankin Kebbe, kakanmu kan yanka wa kowane jika 'yar gayauna a gefen gandu ya shuka abin da yake so. Da girbi sai ya zagaya ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, a rataye ta a rumbu ta zama irin gidan na baɗi. Ni nake so a ce gerona ne irin gida, tunda ni ne babba.

Ruwan shuka na sauka na zuba gero, dawa, wake, gyaɗa, kuɓewa, har da kabewa. Ƙanena kuwa gero kawai ya shuka. Da ya tsiro, sai na gan shi tsugune yana cire tsiron, yana barin uku a kowane rami. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Nawa ban taɓa ko ɗaya ba, tausayinsu nake ji.

Wata safiya kakanmu ya tsaya bakin gayaunata, ya dogara da sandarsa.

"Wagga gona ta ko kasuwa?" ya ce. "Rage su, ɗan nan. Taura biyu ba ta taunuwa."

Na ƙi. Kabewa ta hau wake, dawa ta rufe gyaɗa, gerona ya fito siriri kamar tsintsiya. Ranar zaɓen iri kakanmu bai ko rage tafiya a wajena ba. Ya wuce ya karyo zangarniyar ƙanena, ya ɗaga ta sama, tsawonta ya kai kamu guda. Ranar ko tuwo ban ci ba.

Yanzu ina Tambuwal. Ina aikin ofis, ina da shago, ina kiwon kaji, ga babur na haya, kuma ba wanda aka san ni da shi. Ƙanena na nan ƙauye da geronsa, har daga garin Jabo ake zuwa neman irinsa.

Bana da na yi niyyar noma, sai da na hau babur na je gare shi. Ya auno mini irin, ya ɗaure bakin buhun yana murmushi.

"Yaya," ya ce, "ukku-ukku dai."