Fankar da Aka Yanka

A shekarar da aka canza takardun naira ne fankar babban injin ban-ruwan ƙungiyarmu ta tsage. Ita ce ƙarfen da ke juyawa a ciki, tana turo ruwa zuwa gonakinmu na kan tudu a gefen kogin Watari. Faɗinta ya kai na tayar mota. Mun zaga kasuwannin Kano, babu irinta.

Ɗan ƙanwar mai unguwarmu injiniya ne, yana bincike a wata jami'a kan na'urar da ke gina ƙarfe. Ya ce mu kawo su gwada yin sabuwa, amma bai yi alkawari ba. Ni da shugaban ƙungiya muka kai ta.

Da muka koma dubawa, na tsaya ina kallo. Wani hannun ƙarfe ne yake narka waya, yana shimfiɗa ta layi kan layi, ya dakata ta huce, sannan ya ɗora wani. Haka mahaifina yake gina katanga, ya yi sahu ɗaya ya bar shi ya sha iska.

Shugaba ya ce, "Injiniya, ashe magini ka zama? Da ka faɗa, da mun taho maka da ƙasa da ciyawa."

Ya yi dariya. "Baba, gwaji ne fa."

"Wane gwaji? Ga shi saura kaɗan."

A gida irin tumatir ya isa dashe, har yana neman wucewa. Muka zauna bayan la'asar, muka kwatanta aikin fankar da ginin katanga, muka ce ya kusa. Kowa ya dasa. Muka riƙa shayarwa da jarka kafin fanka ta iso.

Ranar da muka je ɗauka, muka tarar da ita a kan tebur, an yanka ta gunduwa-gunduwa.

Shugaba ya dafe kai. "Innalillahi! Wa ya yi wannan?"

"Mu ne, Baba. Ta farko dole a yanka a ga cikinta."

Ya nuna mana 'yan ramuka kamar ƙwayar gero a cikin ƙarfen. Ya ce da an ɗaura ta, za ta tarwatse, tana iya kashe wanda ke kusa. Sai dai a sake gina wata. Muka koma gida ba fanka.

Ta biyu ta zo bayan zafi ya shigo, kuma har yau tana aiki. Amma jarka ba ta riƙe gona. Gida tara ne suka rasa tumatirinsu gaba ɗaya. Ni na rasa gona biyu, da albasar da na dasa a gefe, da irin da na ajiye tun bara.