Suɗin da na daina bari

Salamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. An gaya mini har wani ya rubuta "Allah ya jiƙan Malam" a ƙarƙashin hotona. Na gode, ɗan albarka, amma ka yi gaggawa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, tsohon malamin firamare ne ni, shekarata sittin da takwas. A wani ƙauye kusa da Ruma nake, har ranar da ɓarayin daji suka kore shanuna tara, suka hana mu noma. Na dawo Batsari na raɓe a gidan hayar babban ɗana, lebura ne.

A ƙauye kullum da nono nake karyawa. A nan, tuwon masara da kuka tsura, ba wake, ba daddawar kirki. Sau biyu a rana, in an dace.

Mu a gidanmu dattijo ba ya cinye kwanonsa, sai ya bar wa yara suɗi. Haka na ga ubana yana yi, haka nake yi. In surukata ta aiko da tuwo, in ci rabi, in miƙa wa jikata Mairo saura, ina tsokanarta, "Zo nan, amaryata, karɓi kuɗin cefane."

Ashe surukata tana lura. Ta ce a ranta Baba ba ya iya cin da yawa, ga tsadar masara, sai ta rage malmalar. Ni kuma na raba ragaggen biyu. Ta ƙara ragewa, na ƙara rabawa. Ita kunya ta hana ta tambaye ni, ni girma ya hana in ce ban ƙoshi ba. Da wane bakin zan roƙi tuwo wurin matar ɗana?

Jiri ne ya fara. Sai haki, daga ɗaki zuwa masallaci sai na huta sau biyu. Kullum sai na ƙara tsuke mazagin wando, ƙafafu kuma suna kumbura. Buta cike da ruwa ta koma fin ƙarfina.

Kowa na nuna wa sai ya ce, "Tsufa ne, Malam, sai haƙuri." Tsufan ƙaniya!

Ranar wata Juma'a na yi sujada na kasa ɗagowa. A kan babur aka ɗora ni, mutum gaba mutum baya, sai asibitin Batsari, daga nan aka tura mu asibiti a Katsina.

Likitar mace ce. Ta ja fatar idona ƙasa, ta ce, "Baba, ina jininka?" Aka ɗebi ɗan abin da ya rage, aka auna suga, ƙoda, hanta, har bayan gida. Gwajin kaɗai ya cinye akuyar surukata, ita ke nan gare ta.

Sakamako ya fito. Ba suga, ƙoda ƙalau, hanta ƙalau. Jini ne bai kai rabin na mai lafiya ba, sinadarin da ke riƙe tsoka shi ma ya yi ƙasa. Ta tambaye ni abin da nake ci, na gaya mata har da batun suɗi. Ta ajiye biro.

"Baba, wannan ba tsufa ba ne. Yunwa ce."

Wallahi da ta ce ciwon daji ne da ban ji kunya haka ba.

Ta ce sai an ƙara mini jini leda biyu, a kawo mai bayarwa. Ina kwance ido a rufe, sun ɗauka barci nake, na ji ɗana a bayan labule yana cewa, "Likita, da ƙarfina nake ciyar da mutum bakwai. In an ɗebi nawa an sa masa, shekara nawa zai ƙara?"

Ni na yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Yanzu da kunnena na ji yana yi mini ƙidaya.

Ban buɗe ido ba. Har yau bai san na ji ba, sai dai in ya karanta wannan. To karanta.

Tanko ne ya ba da leda ta farko, ɗan maƙwabcina na ƙauye, Kirista, wanda na sha zanewa a aji uku. Ya kawo abokinsa ya ba da ta biyu. Ya ce, "Malam, ka ga bulalarka ba ta ƙarar da jinin ba."

Kwanana goma sha ɗaya. Aka sallame ni da ƙwayoyin ƙarin jini da doka: wake, gyaɗa, zogale, ƙwai in an samu. Likita ta dubi surukata, wadda ke ta sharar hawaye, ta ce, "Kwanonsa ya dawo wayam. Ba suɗi."

Yanzu ina zuwa masallaci ba hutu, ina ɗaukar butata da kaina. Alhamdu lillahi. Na gode wa likita, da Tanko da abokinsa, da surukata da ba ta taɓa ambatar akuyarta ba.

Masu tsofaffi a gida, in kun ga suna ramewa, ku ja fatar idonsu ku duba, ku kai su a auna jini, kada ku tsaya kan "tsufa ne". Kada kwanon da ya dawo da saura ya ruɗe ku. Ku raba wa yara nasu tun daga tukunya. Ku kuma 'yan uwana tsofaffi, ku buɗe baki, kunya ba ta ƙara jini.

Amma kada wani ya ce mini abin ya zo da sauƙi. Masarar gidan ba ta ƙaru ba, tukunyar ce dai ta da.

Jiya aka kawo mini wake da dafaffen ƙwai guda. Mairo ta zo ta tsaya a bakin ƙofa inda ta saba, wuyanta ya yi siriri.

"Angona, yau ma ba kuɗin cefane?"

Na sunkuyar da kai na cinye. Na sa yatsa na suɗe kwanon tas, tana kallona.