Takardar Idon Yaya da Jirgin da Ya Ƙi Tashi

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Dandin Mahe, ni da yayana, za mu Abuja a yi masa aikin ido. Ɗansa da ke aiki can shi ya saya mana tikitin jirgi. Ni tela ne a kasuwar Shagari, karatuna bai wuce firamare ba, kuma kowa ya san ni da wasiwasi. Yadi sai na auna sau uku kafin in sa almakashi, shago kuwa ko na kulle sai na dawo na girgiza kwaɗon.

Wannan karon takarda ce ke ci mini rai. Idon Yaya na hagu ne ya daina gani, da na dama yake lallaɓawa. Amma a takardar da asibitin suka aiko, wurin da aka rubuta idon da za a yi wa aiki, na dama na gani. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma dama da hagu tun aji uku na haddace su. A cikin mota na ɗan taɓo masa maganar.

"Kai ka hi likita sani?" in ji shi. "Aje takardag ga, kak ka ba mu kunya cikin mutane."

Na mayar da ita aljihu. Hanyar Shagari zuwa Bodinga ba laifi, sai 'yan ramukan da direba ya sani kamar 'ya'yan cikinsa. Mun yi ta wuce motocin albasa, lodi har ya kwantar da su. A Bodinga muka tsaya muka sha koko da ƙosai, kuma Allah ya taimake mu da muka sha, don a filin jirgi kuɗin shayi kofi ɗaya zai karya wa gidana kaf kumallo.

Shekara da shekaru ina ganin jiragen nan suna wucewa ta saman kasuwa, ina tambayar kaina yadda suke gane hanya inda babu kwalta, babu bishiyar kuka, babu wanda za a tsaya a tambaya. Da muka shiga muka zauna, sai ga wani mutum da farar riga mai ratsin zinariya a kafaɗa ya zauna gefena. Na ɗauka direban jirginmu ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, kana nan, wa zai ja mu?" Ya yi dariya, ya ce shi direban jirgi ne, amma yau fasinja ne kamata, akwai wasu direbobi biyu a gaba.

An rufe ƙofa, an ɗaura ɗamara, jirgi ya ƙi motsi. Can babban direba ya yi magana ta lasifika, ban tsinci komai ba. Maƙwabcina ya fassara mini: hanyar da aka shigar a na'ura da wadda ke kan takarda sun saɓa a wuri ɗaya, za su sake bi daga farko. Na juya na dube shi. Na ce ashe har su suna kuskure?

Ya ce suna yi mana, ai 'yan Adam ne. Lamba ɗaya aka danna ba daidai ba, jirgi sai ya nufi inda ba a aike shi ba, shi ya sa ba a barin mutum ɗaya. Wannan ya shigar da hanya, wancan ya duba da takarda a hannu. In masu hasumiyar kula da tashi da saukar jirage suka ba da umarni, direba sai ya maimaita musu abin da ya ji, su tabbatar. Na tambaye shi, to in babban ne ya yi kuskure, ƙaramin ya iya buɗe baki? Ya ce dole ne, in ya yi shiru ma shi ne mai laifi. "Malam, ko liman ya yi mantuwa, ba na baya ke cewa subhanallahi ba?"

Mun tashi bayan kamar minti ashirin. Gonakin albasa suka koma kamar ƙyallayen da ke zube ƙasan keken ɗinkina. An raba ruwa da biskit, na kasa ci. Yaya ya yi barcinsa. Ni hannuna na kan aljihu har muka sauka.

Washegari a asibiti, wata ma'aikaciya ta zo da alƙalamin da ake sa alama da shi a goshi, saman idon da za a yi wa aiki. Na miƙe da takardar a hannu. Yaya ya ja mini riga, na yi kamar ban ji ba. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni ba mai ilimi ba ne, amma na hagu ne ba ya gani. Nan an rubuta dama." Ta dubi takardar, ta dube ni, ta rufe wa Yaya ido ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsa yatsu nawa. Ta fita da sauri ta dawo da likita. Ashe wajen kwafe rubutu aka juya. Likitan ya gyara ya sa hannu. Ya ce su ma da sun sake tambaya kafin a shiga ɗakin aiki, amma na yi daidai da ban jira ba. An yi aikin lafiya.

Bayan kwana shida muka dawo. Da za mu shiga jirgi na leƙa gaba, sai da na ƙirga kawuna biyu na wuce. Daga filin jirgi muka hau motar Shagari, la'asar ta yi mana a gida, mata na ta barka.

Ba zan ce wasiwasina ya tafi ba, jiya ma sau biyu na koma wa kwaɗon shago. Abin da na koyo shi ne kunyar gyara babba ba ladabi ba ce in akwai abin da zai salwanta. Ranar da muka iso, Yaya ya aiko a kira ni. Na same shi kan tabarma da kwalaben maganin ɗigawa guda uku. Ya turo mini su bai dube ni ba.

"Karanta min wanga," in ji shi. "In ka ƙare, ka sake karantawa."